Darasin Larabci a Dajin Mole: Tsuntsun da Ba Ya Kaɗa Fiffike



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci mai jan ciki da mai tafiya da ƙafa da mai tashi da fiffike. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (S.A.W) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwana matasa, darasinmu na wannan fitowa ya taso ne daga wata kunya da na ji a aji. Muna karanta Suratul Mulk da ɗalibaina, muka iso aya ta 19, inda Allah (S.W.T) yake tambayar bayinSa ko ba su duba tsuntsayen da ke samansu ba. Sai na ce kowa ya rubuta mini sunayen tsuntsaye goma da Hausa, ban da kaza da agwagwa da tantabara. A cikin aji guda babu wanda ya cika goma. Ni kaina da nake tambayar, da na ƙirga a zuci sai na tsaya a takwas. Watau muna karanta wannan sura kowane dare kafin mu kwanta, amma abin da aka ce mu duba ba mu taɓa ɗaga kai mun duba shi ba.

Wannan ne ya sa a hutun hunturu muka haɗa kuɗin mota, mu da wasu 'yan ƙungiya, muka tashi daga Ankara muka nufi gandun dajin Mole da ke arewa. Tafiyar yini guda ce cur: Kumasi, Techiman, Kintampo, Buipe, sannan a karya yamma zuwa Damongo da Larabanga, garin da ke da tsohon masallacin ƙasa da mutanensa ke cewa an gina shi tun 1421. Daga nan zuwa ƙofar gandun 'yan kilomitoci ne kawai. Mole shi ne gandun daji mafi girma a Ghana, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 4,500. An keɓe shi a 1958, aka mai da shi gandun ƙasa a 1971, kuma an ƙidaya irin tsuntsaye fiye da 300 a cikinsa.

Ba a shiga dajin da ƙafa sai da ɗan jagora daga ma'aikatan gandun, riƙe da bindiga saboda giwa da ɓauna. Namu dattijo ne Bagwanje mai jin Hausa sarai. Kafin mu sauka daga tudun da masauki yake, ya gindaya mana sharuɗɗa: ba surutu, ba gudu, ba nuni da tsawa, kuma duk mai farar riga ya rufe ta da wani abu mai duhu. Mu kuwa kusan dukkanmu fararen jallabiyoyi ne a jikinmu kamar masu zuwa Juma'a. Madubin hangen nesa guda biyu ne kacal, muna karɓa-karɓa.

A bakin tafkin da ke ƙarƙashin tudun muka fara ganin zalɓe tsaye kamar an dasa shi, ga balbelu, ga garken zabin daji suna saukowa shan ruwa. Jagora ya nuna mana ramummuka a jikin gaɓar rafi, waɗanda wani ƙaramin tsuntsu kore mai jan maƙogwaro yake haƙawa ya yi sheƙa a ciki. Larabawa suna kiran danginsa warwar. Ƙudan zuma yake kamawa a iska, ya koma reshe ya buga shi, ya goge ƙarin a jikin itace, kana ya haɗiye. Muka ga cilakowa, wadda macenta ke shiga kogon itace a liƙe ƙofar da laka, a bar 'yar tsaga, namijin ya riƙa miƙo mata abinci ta nan har ta ƙyanƙyashe. Can cikin ciyawar da aka ƙone kuma ga burtu biyu suna takawa a hankali, baƙaƙe, manya kamar talotalo. Yawancin yaran sun san sunan burtu ne kawai daga labarin maharban da ke ɗaura kansa a goshi su yaudari namun daji.

Alhudahuda, wanda kowa ya ƙosa ya gani saboda ƙissarsa da Annabi Sulaiman (A.S) a Suratun Namli, ba mu same shi ba. Jagora ya yi dariya ya ce, "Malam, tsuntsu ba ya ɗaukar alkawari."

Kalmomi biyu

Wajen ƙarfe tara da rabi, da rana ta fara zafi, sai dattijon ya ce mu ɗaga kai. Gaggafa ce: baƙa, mai jan baki da jajayen ƙafafu, ƙasan fikafikanta fari, wutsiyarta gajera har kamar babu. Ta ratsa samanmu daga wannan gefe zuwa wancan, tana ɗan karkata dama da hagu kamar mai tafiya a kan siririyar gada. Na ce wa wani ɗalibi ya duba agogo, sauran su ƙirga sau nawa za ta kaɗa fiffike. Har ta ɓace mana, fiye da minti uku, ba ta kaɗa ba ko sau ɗaya.

A nan ne na zaunar da su a gindin wata kaɗanya, domin darasin da na kasa fahimtar da su a allo ga shi ya zo da kansa. A waccan aya an siffanta tsuntsaye da kalmomi biyu. Ta farko ita ce saffat, watau masu shimfiɗa fikafikai, kuma ismul fa'ili ce, suna. Ta biyu ita ce yaƙbidna, watau suna naɗewa, kuma fi'ili mudari'i ce, aikatau. Duk wanda ya fara nahawu zai yi tsammanin a haɗa suna da suna, ko aikatau da aikatau. To me ya sa aka saɓa? Ƙa'idar da malaman balaga suka bayar ita ce, suna yana nuna tabbata da ɗorewa, aikatau kuwa yana nuna abin da ke faruwa yana sabuntuwa lokaci bayan lokaci. Zamakhshari, wanda ya rasu a shekara ta 538 bayan Hijira, ya yi bayani a tafsirinsa Al-Kashshaf cewa asalin tashi shi ne shimfiɗa fiffike, kamar yadda mai iyo yake miƙe gaɓoɓinsa a ruwa, naɗewa kuwa abu ne mai bijirowa don a ƙara ƙarfin motsi. Saboda haka aka zo da abin da yake asali a siffar suna, mai bijirowa kuma a siffar aikatau.

Na karanta wannan bayani tun ina ɗalibi, na kuma rubuta shi a jarrabawa na ci. Amma gaskiya ban gane shi ba sai ran nan, domin tsuntsayen da muka saba gani a zango, tantabara da kurciya, masu yawan kaɗa fiffike ne.

Sai wani yaro mai kaifin kai, wanda ke ajin kimiyya, ya ce, "Malam, ai an koya mana iska mai zafi ce ke ɗaga su. Ayar kuwa ta ce Mai rahama ne ke riƙe su. Wanne za mu ɗauka?" Tambaya ce mai kyau, kuma ban so a yi masa tsawa ba. Abin da aka koya masa daidai ne. Rana tana gasa ƙasa, fako da duwatsu da wurin da aka ƙone sun fi saurin ɗaukar zafi, iskar da ke kansu ta yi sauƙi ta tashi sama kamar hayaƙi. Manyan tsuntsaye sukan shiga cikinta su yi ta kewaya har su yi nisa, sannan su zame zuwa wata. Shi ya sa ba ka ganin ungulu a sama da asuba, tana kan itace tana jiran ƙasa ta yi zafi. Na ce masa wannan shi ake kira sababi, kamar yadda girgije yake sababin ruwa, magani yake sababin waraka. Wanda Ya sanya wa iska wannan ɗabi'a, Ya sa ƙashin tsuntsu ya zama mai rami marar nauyi, Ya kuma sanar da gaggafa inda za ta sami iskar alhali ba ta ganinta, Shi ne mai riƙewa. Sanin sababi ƙari ne a kan mamaki. Magabata ma ba su ɗauki wannan bincike a matsayin ɓata lokaci ba: Jahiz na Basra ya wallafa Kitabul Hayawan, Damiri na Masar, wanda ya rasu a 808 bayan Hijira, ya wallafa Hayatul Hayawan, alhali shi malamin fiƙihu ne.

Ina ungulayen mahauta?

Muna dawowa sai muka ga ungulu huɗu a kan wani busasshen itace, yara suka fara tsaki. Jagoran ya tsaya ya tambaye ni, "Malam, a mahautarku ta Ankara, yaushe rabonka da ganin waɗannan da yawa?" Na yi shiru. Iyayenmu suna ba da labarin yadda ungulu ke rufe rufin mahauta da bayan kasuwa har sai an kora. Ni ma na tarar da saura ina yaro. Yanzu sai ka yi kwanaki ba ka ga ko ɗaya ba, kuma ban taɓa tambayar kaina dalili ba.

Tun 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittun da ke fuskantar ƙarewa ta sa wannan ungulu tamu ta gari a mataki na ƙarshe kafin ɓacewa. Gaggafar da ta koya mana nahawu ita ma ta shiga jerin masu haɗari a 2020. A shekarar 2020 ɗin dai, a ƙasar Gini Bisau, an sa wa ungulu fiye da 2,000 guba cikin 'yan makonni, aka tarar da da yawa an yanke musu kai. Kawunan kuwa kasuwa ake kai su, domin masu tsubbu suna sayar wa mutane cewa kan ungulu yana kawo sa'a, ko cin caca, ko ganin gaibu. Kada mu yi saurin nuna wasu da yatsa. Duk wanda ya zaga layin masu saiwoyi da fatu a manyan kasuwanninmu ya san akwai masu jin yarenmu a cikin masu sayarwa, akwai masu sallah a cikin masu saye. Laifi biyu ne a haɗe: kashe rai ba da haƙƙi ba, da rataya zuciya ga wanin Allah.

Ga kuma hasarar da ke biyo baya. Cikin ungulu yana da tsami mai ƙarfin da ke kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe, ta share gawar dabba kafin ta ruɓe. A Indiya, cikin shekarun 1990, wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu, mai suna diclofenac, ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu irin ungulayensu, har aka hana ba dabbobi shi a 2006. Mushe ya yi yawa, karnukan banza suka ƙaru, cizon mahaukacin kare ya ƙaru tare da su. Hausawa sun ce ungulu ba ta jewar banza, ashe aikin tsabtar gari take yi mana kyauta.

Haka nan batun danƙo. Kusan kowanenmu ya harbi tsuntsu yana yaro, ba don yunwa ba, don a ce ya iya saiti. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar (R.A) ya tarar da wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, da suka gan shi suka watse, ya sanar da su cewa Manzon Allah (S.A.W) ya la'anci mai mai da abu mai rai abin gwajin harbi. Abu Dawuda kuma ya ruwaito yadda Annabi (S.A.W) ya umarci sahabbai su mayar wa wata 'yar tsuntsuwa 'ya'yanta da suka ɗauke. Cikin tsuntsayen da ake harbowa a hunturu har da baƙi daga Turai, irin su tsattsewa da wasu ƙananan da nauyinsu bai wuce giram 10 ba, waɗanda suka ƙetare teku da Sahara kafin su iso bishiyar bayan gidanmu.

A hanyar komawa muka kwana kusa da Kibi, muka hau tsaunukan Atewa da wani jagoran. Can wata duniya ce daban: tudu mai tsawon fiye da mita 800, kurmi mai duhu, hazo har hantsi. A Mole ido ke aiki, a Atewa kunne. Jagoran yakan tsaya cak ya ambaci sunan tsuntsu daga kukansa kawai, mu kuwa ganye muke gani. Da ƙyar muka hango wani ɗan'uwan warwar mai launin shuɗi da ja-ja a baya, wanda masu kallon tsuntsaye ke zuwa daga Turai musamman dominsa. Daga waɗannan tsaunuka kogunan Densu da Birim da Ayensu suke fitowa, kuma Densu ne ke cika madatsar Weija da yammacin Ankara ke sha. A gindin tudun kuwa mun ga ramukan masu haƙar zinariya ta haramtacciyar hanya, ruwan ya koma kamar kunu.

Aikin gida

Ga ɗalibai: ku buɗe Suratun Nahli aya ta 79, da Suratun Nur aya ta 41, da Suratul An'am aya ta 38, ku fitar da kowace kalma da aka siffanta tsuntsaye da ita, ku faɗi wadda take suna da wadda take aikatau. Ku kuma nemo bambancin nasr da uƙab a ƙamus, domin da yawa suna fassara su da abu ɗaya, alhali ɗaya mai cin mushe ne, ɗaya mafarauci.

Ga sauran 'yan ƙungiya: ranar Asabar bayan sallar Asuba za mu haɗu a ƙofar masallaci, kowa da littafi da alƙalami, mu je mahauta mu zauna har hantsi mu ƙirga ungulun da za su sauka. Za mu riƙa yin haka farkon kowane wata, mu kuma tambayi tsofaffin mahauta abin da suka tarar a zamaninsu. Wanda kakarsa ko kakansa ya san sunayen tsuntsaye da Hausa, ya rubuto mana su, domin jerin da ke hannuna har yanzu bai wuce 23 ba.