Damuwa Mai Daɗewa: Abin Da Jini Yake Nunawa

Wataƙila ka taɓa zuwa asibiti da ciwon kai, kasala da rashin barci. Aka ɗebi jininka, aka ce babu zazzaɓin cizon sauro, babu taifot. Ka koma gida, mutane suna cewa lafiyarka ƙalau, ko kuwa sammu aka yi maka. Wannan darasi dominka ne.

Abin da makiyayi ya sani

Shanun da aka koro daga nesa zuwa kasuwar Njamena, cikin rana da ƙishirwa, sukan iso a rame. Nonon saniya ya ragu, cuta kuma ta yi saurin kama su. Likitocin dabbobi sun auna jinin shanu bayan doguwar tafiya a mota, suka tarar wani sinadari mai suna kotizol ya hau. Wasu ƙananan halittu biyu da ke bisa ƙoda ne suke fitar da shi idan jiki ya ga haɗari. Mutum ma yana da shi. Yana ƙara sukari a jini don a sami ƙarfin gudu ko kare kai. Na ɗan lokaci, taimako ne. Idan wahala ta ƙi ƙarewa, sai ya zama illa.

Abin da aka koya daga dabbobi

A 1936, a ƙasar Kanada, wani likita mai suna Hans Selye ya sa ɓeraye cikin tsananin sanyi da gajiya. Halittun nan na bisa ƙoda suka kumbura, gyambo ya fito a cikinsu, garkuwar jikinsu ta yi rauni.

A 1987, a Ingila, Paul Willner da abokan aikinsa suka yi ta takura wa ɓeraye da ƙananan abubuwa na makonni: yau a jiƙa shimfiɗarsu, gobe a bar fitila kunne duk dare. Ɓera yana son ruwan sukari, amma waɗannan suka rage sha. Da aka ba su maganin ciwon damuwa na makonni, sha'awarsu ta dawo.

A Kenya kuwa, Robert Sapolsky ya yi shekaru yana auna jinin gwaggon birai a daji. Waɗanda ake yawan cin zalinsu sun fi yawan kotizol. Masu abokan zama na kusa, nasu bai kai haka ba.

Ɓera ba mutum ba ne, ba ya iya faɗin abin da ke ransa. Duk da haka darasin a fili yake: wahalar da ta daɗe tana canza jiki.

Mu fa?

A watan Oktoba na 2022 kogin Shari da na Logon suka cika suka shiga unguwanni irin su Waliya da Tukra. Ruwa ya janye, amma tunanin gida, gona da bashi bai janye tare da shi ba. Rashin wani naka, gudun hijira da rikicin gida duk suna iya yin haka. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da ciwon damuwa. Ciwo ne kamar hawan jini. Ba hauka ba ne, ba lalaci ba ne, ba kuma ƙarancin bangaskiya ba ne.

Me ya sa gwajin jini bai nuna ba?

Har yanzu babu gwajin jini da zai tabbatar da ciwon damuwa shi kaɗai. Kotizol yakan hau da safe ya sauka da dare, tsoron allura ma yana ɗaga shi. Ana ɗiban jininka ne don a duba wasu cututtuka masu kawo kasala, kamar ƙarancin jini, ciwon sukari ko ƙanjamau. Ciwon damuwa kuwa daga bakinka ake gane shi.

Ka zo asibiti idan ka yi mako 2 ko fiye da waɗannan:

1. Baƙin ciki kusan kullum.
2. Abin da kake jin daɗinsa dā ya fita ranka.
3. Barci ko cin abinci ya rikice.
4. Gajiya ko da ba ka yi aiki ba.

Idan tunanin kashe kanka ya zo maka, ka faɗa wa wani, ku zo yau ɗin nan.

Abin da za ka yi

Ka faɗa wa ma'aikacin lafiya duk abin da ke damunka, kada ka tsaya a kan ciwon kai. Kada ka keɓe kanka daga dangi da jama'a. Ka guji giya da tiramadol. Idan an ba ka magani, yakan ɗauki makonni kafin ka ji sauƙi, don haka kada ka daina sha sai likita ya ce.

Tambayoyin tattaunawa

1. Wane ne a unguwarku ya daina fitowa cikin mutane?
2. Wa zai ziyarce shi a wannan mako, ya kuma raka shi asibiti?