Jirginka ya ƙi sauka a manhaja? Duba totur da hanci

Yawancin masu fara tuƙa jirgi a Microsoft Flight Simulator ko X-Plane suna ɗaukar totur ɗin jirgi kamar na mota: ka danna ka yi sauri, ka saki ka rage. Nan matsalar take. Sai mutum ya tunkaro titin sauka yana sama da yawa, ya dunƙufar da hancin jirgi don ya sauko, gudu ya haura nat 90, jirgin ya yi ta shawagi a saman titi har titin ya ƙare bai taɓa ƙasa ba.

A ƙaramin jirgi irin Cessna 172, musamman wajen sauka, hanci ne ke tsara gudu, totur kuma shi ke sa ka hau ko ka gangaro. Gwada da kanka. Hau ƙafa 3,000, ka daidaita jirgi yana tafiya miƙe, injin na juyi kamar 2,300 a minti. Rage shi zuwa 1,500, kada ka taɓa sitiyari. Hanci zai sunkuya, jirgin ya ɗan yi lilo, sannan ya fara gangarowa da kusan gudun da yake yi tun farko.

Abin da ya riƙe gudun nan shi ne tirim, wato abin da ke daidaita zaman hancin jirgi, kuma shi ne aka fi sakaci da shi. Duk lokacin da ka canja ƙarfin inji ko ka saukar da filaf na fiffike, sai ka sake murɗa tirim har hannunka ya daina kokawa da sitiyari. Ka bi a jere: totur, hanci, sannan tirim. Kuma ka ba allurar gudu 'yan daƙiƙu ta zauna, kada ka riƙa bin ta da gyara.

Ka haddace lambobin 172S. Ɗaga hanci a nat 55, hau da 74, tunkari titi da 65. Kada ka saukar da filaf fiye da digiri 10 sai gudu ya koma 85, wato iyakar farin layin agogon gudu ta sama. In ka ga kana ƙasa da yawa, ƙara totur kaɗan. Jan hanci kawai zai cinye maka gudu, kuma wajen nat 40 fiffike ya daina ɗaukar jirgi.

Zafi ma yana da tasiri. Zaɓi filin jirgin Malam Aminu Kano, ka sa zafin digiri 40 irin na Afrilu. Filin yana kusan ƙafa 1,560, amma injin zai yi aiki kamar yana kusa da 5,000, don haka za ka ci titi sosai kafin ka tashi.

A ganina maɓallan totur na F2 da F3 ba su isa koyon wannan ba, domin gyaransu tsalle-tsalle ne. In da hali, nemi sandar tuƙi mai totur, ko mai araha ce, ka yi ta zagaye fili ɗaya har 65 ta zauna a hannunka.