Hanyar Yaƙub a Ƙasar Asbaniya

'Yan'uwa, karatunmu na wannan wata yana cikin Ayyukan Manzanni 12:1-2 da Romawa 15:20-28. Ku buɗe ku karanta tukuna, kāna mu ci gaba.

A arewa maso yammacin Asbaniya, watau Sifen, akwai wani gari ana ce da shi Santiyago de Kwamfostela. Ma'anar Santiyago ita ce Yaƙub mai tsarki. Mutanen wurin suna cewa a ƙarƙashin babbar majami'arsu aka binne Yaƙub ɗan Zabadi, ɗan'uwan Yohanna. Shekara fiye da 1,000 ke nan mutane suna zuwa can a ƙafa, ba su daina ba. A 2023 waɗanda suka karɓi takardar shaidar isowa sun fi 440,000.

Hanyar da aka fi sani tana tasowa daga San Jan, wani ɗan gari na Faransa a gindin duwatsun Firanis. Nisanta wajen kilomita 780 ne, ya fi na Kano zuwa Maiduguri, mai ƙwazo kuwa yakan yi kwana 30 zuwa 35. Ranar fari hawan dutse ne tun da asuba. Daga nan sai Famfalona, sai Burgos. Tsakanin Burgos da Leyon akwai wani fili mai fāɗi, gonakin alkama iyakar ganin ido, inuwa kaɗan, rana da zafi. A nan ne ƙafa takan yi bororo, zuciya ta karai, waɗansu su hau mota. Matafiyin da ya ɗauko kaya da yawa yakan fara rabuwa da su tun makon fari, gama shawarar da ake bayarwa ita ce kada jaka ta wuce kashi 1 cikin 10 na nauyin mai ita.

Ba a cika ɓata ba, domin akwai kibiyoyi masu launin rawaya a jikin duwatsu da bango. Wani firist na ƙauye, Eliyas Baliña, shi ya soma zana su a 1984, sa'anda hanyar ta kusa mutuwa. Da yamma matafiyi ya shiga masaukin baƙi, a buga masa hatimi a takardarsa, ya wanke rigarsa, ya kwana ɗaki ɗaya da mutanen da bai san harshensu ba. Wanda ya taka kilomita 100 na ƙarshe, shi ake ba shaida.

To, Yaƙub yana can? Littafi Mai Tsarki bai faɗa ba. Abin da Luka ya rubuta shi ne Hirudus ya kashe shi da takobi, wajen shekara ta 44, shi ne kuwa na fari cikin manzanni da ya ba da ransa. Labarin cewa ya yi wa'azi a Asbaniya, aka kuma kai gawarsa can cikin jirgin ruwa, daga baya ƙwarai ya fito. Kabarin ma sai a farkon ƙarni na 9 aka ce an gano shi, a zamanin Sarki Alfonso na 2. Ku duba Romawa 15 kuma. Bulus ya nuna burinsa shi ne ya kai bishara inda ba a san sunan Almasihu ba, a cikin sura ɗin nan kuwa ya ambaci niyyarsa ta zuwa Asbaniya sau biyu. Da Yaƙub ya riga shi, da wuya Bulus ya yi magana haka. Martin Luta ya yi wa wannan tafiya ba'a mai zafi, yana cewa ba wanda ya san ko ƙasusuwan wa ke wurin. Mu ba za mu yi ba'a ba, gama mutumin da ya yi wata guda yana tafiya da neman Allah a ransa ba abin dariya ba ne. Amma a ganinmu shaidar kabarin ba ta da ƙarfi.

Abin da ya fi damunmu yana kan wani tudu bayan garin Astorga. Akwai gicciyen ƙarfe a bisa doguwar sanda, tulin duwatsu kewaye da shi. Kowane matafiyi yakan ɗauko ɗan dutse daga gida, ya ajiye a nan, alamar nauyin da ke zuciyarsa. Idan tuni ne kawai, ba mu ga laifi ba; Yashuwa ma ya kafa duwatsu 12 a Gilgal. Amma a zamanin dā an koya wa mutane cewa wahalar hanya tana rage hukuncin zunubi, har alƙalai sukan aika mai laifi Santiyago maimakon horo. A nan muka rabu da su, gama Afisawa 2 ta koya mana ceto kyauta ne. Mu ma sai mu yi hankali. Tun da 'yan'uwanmu suka fara zuwa Urushalima, mukan ji wani yana ƙara haruffa a bayan sunansa, yana jiran a ba shi kujerar gaba.

Yaƙub kansa ya taɓa neman kujera. A Markus 10:35-40, shi da Yohanna sun roƙi zama dama da hagun Ubangiji. Yesu bai yi musu alkawarin kujera ba, ƙoƙon wahala ya ce za su sha. Ku haɗa wannan wuri da Ayyukan Manzanni 12 a taronku na tsakiyar mako, ku bincika yadda maganar ta cika a kan Yaƙub, da yadda ta cika a kan Yohanna, wanda ya tsufa.