Ra'in Hargitsi: Matashiya daga Damunar Gwandu

1.0 Gabatarwa

Manomin gero a ƙasar Gwandu ko Kalgo kan fuskanci tambaya guda a bakin damuna: ya yi binne, ko ya jira ruwa ya zauna? In ruwan farko ya sauka sannan ya ɗauke, iri ya salwanta. Wannan maƙala ta yi amfani da ra'in hargitsi domin bayyana dalilin da ya sa ilimin zamani bai iya yanke masa wannan shawara kai tsaye ba.

2.0 Asalin Ra'in

A 1961, Edward Lorenz, masanin yanayi a jami'ar MIT ta Amurka, ya maimaita wani lissafin yanayi a kwamfuta. Maimakon 0.506127, sai ya shigar da 0.506. Cikin ɗan lokaci sakamakon biyu suka yi hannun riga. Ya wallafa bincikensa a 1963. Abin da ya gano shi ne, akwai tsare-tsaren da ke bin doka tsayayya, amma ƙanƙanin bambanci a mafarinsu yakan yi ta ninkuwa har ya rushe hasashe.

3.0 Gwaji

Mai karatu na iya jarraba dokar da Robert May ya yi nazari a 1976. A ɗauki lamba tsakanin 0 da 1, a ninka ta da abin da ya rage ta cika 1, a ninka sakamakon da 4, sannan a maimaita. In aka fara da 0.200, a zagaye na goma za a sami kusan 0.15. In kuwa da 0.201 aka fara, za a sami kusan 0.99. Doka ɗaya ce, babu canke a cikinta.

4.0 Kammalawa

Iskar sararin samaniya irin wannan tsari ce, kuma babu ma'aunin da ke auna ta ba tare da ɗan kuskure ba. Saboda haka hasashen ruwan wata rana takamaimiya ba ya wuce kimanin mako biyu. Hasashen damuna da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon shekara kuwa magana ce ta yiwuwa. Nan aikin manazarcin Hausa yake: mai fassara hasashe a rediyo ya bambance "za a yi ruwa" da "ana kyautata zaton ruwa", domin da abin da ya ji manomi zai fitar da irinsa daga rumbu.