Tsumburewar Yara Ba Gado Ba Ce

Jama'a, sau da yawa a Anka ko Gummi za ka ga ɗan shekara biyar ka zaci ɗan uku ne. In ka tanka, sai a ce ai danginsu haka suke, gajeru ne. Wani lokaci gaskiya ne. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna wajen rabin yaran Zamfara 'yan ƙasa da shekara biyar ba su kai tsayin sa'o'insu ba. Ina gadon da zai kama rabin jiha?

Mai tamowa ba ya ɓuya. Ma'aikaciyar asibiti za ta naɗa masa ɗan ma'auni a damtse, in ya faɗa kan ja, a ba uwar madarar gyaɗar nan ta leda. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun yi wannan aiki a Anka da Gummi. Tsumburarre kuwa yana ta wasansa a tsakar gida, ba wanda ya lura, alhali har ƙwaƙwalwarsa abin yake taɓawa.

Lokacin gyara kwana dubu ne, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu. Mai ciki ta ci ta ƙoshi, ta je awo. Kada a matse dakashi a zubar, shi ne rigakafin farko. Wata shida nono zalla, ko ruwa ban da. Na san kakanni za su ce da zafin nan namu an zalunci jariri. Su yi haƙuri: nono akasarinsa ruwa ne, kuma ruwan randa ne ke kawo zawo, zawo ya zubar da ɗan abin da aka tara.

Bayan nan sai kunu, amma ba tsululun koko ba. A soya gero da waken suya da gyaɗa a niƙa tare, a dama da kauri, a barbaɗa garin zogale ko na busasshen kifi.

Mu nan muna da ƙarin dalili. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Cikin da ba abinci, da jikin da ke da ƙarancin jini, sun fi saurin zuƙar dalma.

Ba mu manta 'yan bindiga sun raba mutane da gonakinsu ba. Wanda ke gudun hijira sai hukuma ta tallafa masa. Amma kai maigida da kaji ke yawo a gidanka, ran kasuwa kafin ka ƙirga ƙwan sayarwa, ware na yayayye tukuna.