Kiwon Gargaza A Gida: Waɗanne Kifaye Ke Zama Tare?

A Birnin Kabi da Argungu akwai masu sha'awar ajiye kifi a gida, waɗansu cikin akwatin gilashi don ado, waɗansu cikin ɗan kududdufin siminti don miya. Yawancinsu kuskure ɗaya su ke yi. Sai mutum ya tafi bakin gulbi, ya sayi kowane irin ɗan kifi ya gani wurin masunta, ya zuba su ruwa guda. Bayan mako biyu sai ya tarar rabi sun ɓace. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. To, haka ya ke ga kifi.

Gargaza, wadda waɗansu ke kira karfasa, ita ta fi sauƙin kiwo. Danginta suna da yawa a Afirka, a Tafkin Malawi kaɗai akwai iri ɗaruruwa. Duk halinsu ɗaya ne, watau son mallakar wuri. In lokacin ƙwai ya yi, namiji ya kan tona rami cikin rairayi, ya tsare shi, ya kori duk wanda ya matso. Saboda haka kada a haɗa maza biyu cikin ƙaramin akwati. A sa namiji ɗaya da mata uku, a jera duwatsu da fasassun tukwane don wanda aka kora ya sami maɓoya.

A Gulbin Rima ma gargaza ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda macen ke riƙe ƙwai cikin bakinta wajen kwana 10 zuwa 14, ba ta cin abinci sosai sai ta saki 'ya'yan. Akwai kuma mai jan ciki, wadda ke liƙa ƙwai a ƙasa, uwa da uba su tsaya gadi. Ita wannan mafaɗaciya ce, tana kuwa cinye ciyawar ruwa. Gara kowace a ba ta nata wuri. Waɗanda a ke kawowa daga Malawi kuma ruwa mai kanwa-kanwa su ka saba da shi, a ware su dabam.

Sa'an nan a lura da baki. Kifi ya kan haɗiye duk abin da ya shiga bakinsa. Kurungu yana zama lafiya da gargaza, gama shi a ƙasa ya ke kiwo, yana tsince ragowar abinci. Tarwaɗa ba ta dace da akwatin gilashi ba, amma a kududdufi 'yan kaɗan suna da amfani. Dalili kuwa, gargaza tana fara haihuwa tun tana wata 5 ko 6, in 'ya'ya su ka cika ruwa ba wadda za ta girma. Tarwaɗa ke rage su. Sai dai kada ta fi gargazar girma ran da aka zuba su.

Amma tsage da giwan ruwa, faufau. Giwan ruwan nan da a ke taƙama da shi a Matan Fada, wurin bikin kamun kifi na Argungu da aka soma a 1934, da 'yan'uwansa kifi ya ke yin wannan ƙiba. An saka shi cikin Tafkin Biktoriya a Gabashin Afirka wajen 1954. Kafin 1990 dangin gargaza wajen iri 200 sun ɓace daga tafkin, shi ne kuwa babban sanadi. In ya yi wa babban tafki haka, ina ga kududdufin bayan ɗaki?

Abu na ƙarshe, sabon kifi a ajiye shi shi kaɗai mako biyu tukuna, a ga ko yana da cuta. Wanda bai tabbatar da irin kifin da ya saya ba, sai ya nuna wa tsohon masunci ko malamin gona kafin ya zuba. Rigakafi ya fi magani.