Muryar Da Ke Kushe Ka A Zuci: Koyon Ta Aka Yi

Akwai wata matsala da da wuya mako ya wuce ban gan ta ba a ɗakin da nake ganin masu neman shawara, kuma kusan kullum da labari iri ɗaya take zuwa. Mutum ne da hankalinsa, yana zuwa aiki ko kasuwa, yana sallarsa, yana riƙe da iyalinsa. Amma da zarar an ce ya tashi ya yi magana a gaban jama'a, ko ya nemi ƙarin girma, ko ya je neman aure gidan da yake so, sai wani abu a ƙirjinsa ya ce masa: "Kai ɗin wa? Zauna kafin a yi maka dariya." Kafin ya iso wurinmu dangi sun riga sun rabu biyu. Wasu sun ce shafar aljanu ce ko sammu, an sha rubutu, an yi hayaƙi, kuɗi sun ƙare. Wasu kuma sun ce a ƙyale shi, haka Allah ya yi shi, hali zanen dutse ne. Duka maganganun biyu kuskure ne, kuma shekarun da suke cinye wa mutane su ne suka sa na ɗauki alƙalami.

Bari in fara da masu cewa hali zanen dutse, domin sun fi yawa, kuma maganarsu ta fi kama da hikima. Ban musa cewa kowane yaro da irin jininsa yake zuwa duniya ba. Duk uwar da ta haifi uku ta san wani tun a zanin goyo mai sanyi ne, wani kuma mai rigima. Amma tsoron buɗe baki a gaban manya, da ganin cewa kai ba ka cancanci alheri ba, da ba da haƙuri kan laifin da ba kai ka yi ba, babu jaririn da aka haifa da su. Koyon su aka yi, kuma abin da aka koya ana iya koyon wani a madadinsa. Kada wani ya ce sabon zancen Turawa ne. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi raddi a cikin Ihya'u Ulumiddin ga masu cewa ɗabi'a ba ta sauyawa, ya kafa hujja da cewa da haka ne, da wa'azi da nasiha da tarbiyya duk ba su da wani amfani.

Masu binciken ƙwaƙwalwa sun zo sun tarar da shi a kan gaskiya. A birnin Landan, direban tasi ba ya samun lasisi sai ya haddace dubban tituna, karatun da kan ɗauki shekara uku zuwa huɗu. A shekarar 2000 wata masaniya, Eleanor Maguire, ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar irin waɗannan direbobi, ta ga sashen da ke riƙe taswirar wurare ya fi na sauran mutane girma. Daga baya aka bi masu koyon aikin tun daga farko, aka ga girman ya samu ne ga waɗanda suka kammala karatun. Manya ne fa, ba yara ba. To idan naman ƙwaƙwalwa kansa yana sauyawa bayan mutum ya tara iyali, da wace hujja za a ce wa ɗan shekara talatin ya haƙura, an gama gina shi?

Haka kuma a tsibirin Kauai na Amurka, wata masaniya, Emmy Werner, ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 har suka kai shekara arba'in. Cikin waɗanda suka tashi a gidajen talauci da rigima da shaye-shaye, kusan kashi ɗaya cikin uku sun girma lafiya lau, wasu da dama kuma da suka lalace a ƙuruciya sun dawo hanya bayan sun manyanta. Abin da aka fi gani tattare da waɗanda suka tsira shi ne akwai babban mutum ko da guda ɗaya, kaka ko malami ko maƙwabci, da ya riƙe su da mutunci.

Sai masu cewa aljani ne. Ba na jayayya da kowa kan addu'a, ni ma ina yin ta, ina kuma ƙarfafa masu zuwa wurina su riƙe ta. Amma tambaya ɗaya nake yi wa mai wannan matsala: "Abin nan da yake hana ka, da waɗanne kalmomi yake magana? Faɗa mini su daidai." Sai ya yi shiru ya sunkuyar da kai, can ya ce: "Daƙiƙi kawai, ba za ka taɓa tsinana komai ba." In ce masa: "Wa ya saba faɗa maka haka?" Ba a cika daɗewa ba amsa take fitowa: malamin aji uku, ko kawun da ya riƙe shi, ko yayan da yake dukansa. Na ga wani da aka haifa ya girma a Kano, Kananci ne a bakinsa, amma zagin da ke zuwa masa a zuci da Sakkwatanci yake zuwa, harshen gwaggon da ta raine shi. Da ya lura da haka da kansa, sai da ya yi hawaye. Shekaru ana yi masa hayaƙi a kan maganar da mutum ya faɗa masa yana ɗan shekara takwas.

Yadda abin yake faruwa ba shi da wuyar ganewa. Masanin nan na Rasha, Lev Vygotsky, wanda ya rasu a 1934, ya lura cewa ƙaramin yaro yakan yi wa kansa magana a fili yana wasa, yana maimaita abin da manya suke faɗa masa, daga baya maganar ta koma ciki ta zama tunani. Ku saurari 'yarku tana wasa da 'yar tsana, za ku ji muryarku. Idan lallashi take ji, lallashi za ta yi mata, idan kuma ranƙwashi da "shegiya" take sha, su za ta ba ta. Yaro ba ya tace maganar babba. Abin da aka faɗa masa game da kansa, gaskiya yake ɗaukarsa.

Ɗabi'u ma haka suke shiga. Na san wani ɗan kasuwa mai rufin asiri da har yau ba ya iya cin abinci a hankali. Yana zama zai kare kwano da hannun hagu, ya cinye cikin gaggawa, matarsa tana jin kunya idan an yi baƙi. Ba rowa ba ce. Ya yi almajirci yana ƙarami, inda wanda ya tsaya tauna yake tashi da yunwa. Dabarar ta cece shi a lokacin, sai dai jikinsa bai samu labarin cewa lokacin ya wuce ba.

A nan dole in yi wa iyaye da malamai magana, ko da ba za ta yi daɗi ba. Mun mayar da zagi kamar wani ɓangare na tarbiyya. Yaro ya zubar da koko, an ce masa ɗan banza. Ya kasa lissafi, an kira shi jaki a gaban aji, 'yan uwansa suna yi masa ihu. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a Najeriya a 2014, tare da UNICEF, ya nuna cewa yara shida cikin goma suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18. Wani babban bincike kuma a Amurka, wanda Vincent Felitti da Robert Anda suka jagoranta a kan mutum sama da 17,000, aka fara wallafa sakamakonsa a 1998, ya gano cewa wanda ya haɗu da nau'i huɗu ko fiye na ƙuncin yarinta, haɗarin faɗawarsa cikin shaye-shaye, ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai yana ninkuwa sau huɗu zuwa sau goma sha biyu. Masu cewa "mu ma haka aka yi mana, ga mu nan lafiya" su tambayi matansu da 'ya'yansu ko lafiyar ce.

Yanzu ga gargaɗin da nake so a riƙe fiye da komai a rubutun nan. Muryar da nake magana a kanta tunani ce. Mai ita ya san daga cikin kansa take fitowa. Wannan dabam take da mutumin da yake jin murya da kunnensa kamar wani na magana a bayan ƙofa alhali babu kowa, ko yake jin ana ba shi umarni, ko ya tabbata ana bibiyarsa, ya daina barci, ya daina wanka. Wannan na biyun ciwo ne na ƙwaƙwalwa, yana da magani, kuma jinkiri yana ƙara masa tsanani. Irin wannan mutum asibiti za a kai shi, yau ba gobe ba. Haka wanda muryar cikin zuciyarsa ta kai ga ce masa gara ya mutu. Kada a tsaya yi masa faɗa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi wurin likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, akwai sashen masu wannan lalura a asibitocin koyarwa. Ina jaddadawa: kada a ɗaure shi, kada a dake shi da sunan fitar da aljani, kada a kai shi gidan mari. Duk mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, ɗaruruwan mutane, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Tun watan Janairun 2023 Najeriya take da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, amma doka a takarda ba ta kwance kowa daga mari ba, dangi ne za su daina kai nasu.

To wanda tasa matsalar ta tunani ce, me zai yi? Hanyar da muke bi ta samo asali ne daga aikin likitan nan Aaron Beck na Amurka a shekarun 1960, kuma mutum zai iya fara ta a gida.

Na farko, ka kama maganar. Duk lokacin da gabanka ya faɗi ko ka janye daga wani abu, rubuta ainihin abin da zuciyarka ta ce, kalma da kalma. Wanda ba ya rubutu ya ɗauki muryarsa a waya. Bayan mako biyu za ka ga maganganun ba su wuce uku ko huɗu ba, su ne suke ta zagayowa.

Na biyu, ka nemo mai ita. Wa ya fara faɗa maka? Kana shekara nawa? Shi a wane hali yake a lokacin? Manufar ita ce ka gane cewa ra'ayin wani ne, ba hukuncin Allah ba. Ban ce ka je ka tsare mahaifiyarka da tuhuma ba. Mafi yawan iyaye abin da aka ba su suka bayar, kuma gyaran ba ya jiran sai sun amsa laifi.

Na uku, ka nemi shaida. Idan ta ce ba ka iya komai, lissafa abin da ka yi da hannunka a shekarar nan. Sannan ka tambayi kanka: da ƙanena ne ya yi wannan kuskuren, me zan ce masa? Abin da za ka faɗa masa shi za ka faɗa wa kanka. Ba yabon ƙarya ake nema ba, adalci ake nema.

Na huɗu, ka aikata ƙaramin abu saɓanin umarninta. Yi tambaya guda a taron ma'aikata. Ce "ba zan samu dama ba" sau ɗaya ba tare da dogon bayani ba. Ɗabi'a kamar turba ce a cikin gona: wadda ake bi kullum ita ke fitowa fili, wadda aka daina bi ciyawa ke rufe ta.

Kuma kada masu tallar kwasa-kwasai a TikTok da WhatsApp su ruɗe ka da cewa kwana 21 ya isa mutum ya sauya. Wannan adadi daga littafin wani likitan gyaran fuska, Maxwell Maltz, na 1960 ya fito, ba daga gwaji ba. Da masaniya Phillippa Lally da abokan aikinta suka gwada a Landan, sai suka ga sabuwar ɗabi'a tana ɗaukar kwana 66 a matsakaici, wasu kwana 18, wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya ba ya rushe aikin. Waɗannan ma ƙananan ɗabi'u ne irin shan ruwa da motsa jiki. Maganar da ta yi shekara ashirin a zuciya tana bukatar haƙurin da ya fi haka. Idan ka yi wata biyu ko uku kana ƙoƙari abin bai sassauta ba, ko yana hana ka barci da aiki, nemi masanin halayyar ɗan Adam a asibiti mafi kusa.

Idan kuma kana da yara a gabanka, aikinka biyu ne. Ranar da ka ji zagin da aka yi maka yana fita daga bakinka zuwa kan ɗanka, tsaya. Tsawata masa kan abin da ya yi, kada ka laƙaba masa suna. "Ka zubar da koko, ɗauko tsumma ka goge" tarbiyya ce. Idan kuwa bakinka ya riga ka, kira shi ka ce masa: "Abin da na faɗa ɗazu ba gaskiya ba ne, raina ne ya ɓaci." Girmanka ba zai ragu ba, shi kuma ka hutar da shi daga zuwa wurin irinmu nan da shekara ashirin.